Muryar Ɓaleri

Shekara ashirin da shida Malam Dabo ya yi a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kano, a tsakiyar injuna masu ƙara tun safe har yamma. Da aka rufe masaƙar, sai ya koma ƙauyensu, Tudun Gawo, arewa da Kunci, da akwatin ƙarfe ɗaya da keke da kunnuwan da suka riga suka fara mutuwa. Kiran sallar masallacin nesa ya fara daina ji, sannan kukan zabi. Daga baya har matarsa Maijidda sai ta dafa kafaɗarsa ta fuskance shi kafin ta yi magana. Ita kaɗai ce ba ta ɗaga masa murya, don ya san motsin bakinta. Da ta rasu, sai ya zama babu mai haƙurin maimaita masa zance sau uku.

Ba wanda ya kore shi daga majalisar gindin darbejiya. Wata rana dai ya ga kowa ya buɗe baki yana tafa hannu, ya ɗauka raha ake yi, ya ƙyalƙyale da dariya. Ashe rasuwar wani ɗan garin ake sanarwa. Ba wanda ya ce masa komai, amma ya ga yadda suka sunkuyar da kai. Tun daga ranar, in an idar da salla sai ya yi musabaha ya nufi gida.

Gidansa ne na ƙarshe ta gabas. Daga bayan darninsa sai gonar gero, daga gonar sai wani kwazazzabo mai ƙaya da ya gangara zuwa fadama. Yana da tumaki goma sha ɗaya da garken zabi, kuma duk damina sai dila ta fito daga kwazazzabon ta rage masa wani abu.

Wani Bafillace ne, Sama'ilu, wanda rugarsu take hayin fadamar, ya kawo masa ɗan kwikwiyo a cikin kwando, ranar da zai tashi ya yi kudu da shanunsa saboda gonaki sun cinye burtali. Ya durƙusa, ya kafa baki a kunnen Dabo na dama, wanda ya ɗan fi ji a lokacin.

"Sunansa Ɓaleri. Kada ka saba masa da wasa, kada ka sa shi a ɗaki. Ka jefa shi cikin tumaki tun yau, ya tashi yana ganin 'yan'uwansa ne."

Dabo ya yi kamar yadda aka ce. Ya kuma je ya tambayi liman, liman ya gyaɗa kai, ya nuna masa da hannu cewa karen tsaron dabbobi da gona babu laifi. Cikin shekara biyu Ɓaleri ya zama kamar ɗan maraƙi, baƙi wuluk sai ɗan fari a ƙirji, ga faɗin kai, ga kaurin wuya. Amma kafin ya girma kunnen dama ma ya rufe. Dabo bai taɓa jin haushin karensa ba, ko sau ɗaya.

Da ido ya koyi sauraronsa. Kowace safiya bayan sallar asuba, Ɓaleri kan fita zagaye: ya bi darni, ya bi iyakar gona, hancinsa a ƙasa, yana tsayawa a wurare sanannu yana ɗaga ƙafa ya bar warinsa. Dabo na biye da shi da sanda. In kare ya wuce wuri da sauri, babu komai. In ya tsaya ya daɗe yana shinshinar kunya ɗaya, ya koma baya ya sake dawowa, to in Dabo ya duƙa sai ya ga ɗan siririn sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko kashi mai gashi a ciki. Dila ta zo ta leƙa ke nan ta koma.

Da rana kuwa karen kan kwanta a kan wani tudu kusa da rumbu, ya fuskanci inda iska ke fitowa. Mutum zai ce barci yake, amma kunnuwan ba sa hutawa. Dabo ya lura in shaho ne, zabi ma ba su ankara ba Ɓaleri ya riga ya ɗaga kai sama ya miƙe, su kuma sai su ruga ƙarƙashin rumbu. Maciji daban ne. Nan kare ba ya matsawa kusa, sai ya sandare, ya ja da baya taku biyu, ya riƙa kallon wuri ɗaya yana waiwayen Dabo. Haka suka gano wata ƙatuwar kasa a cikin harawa a shekarar da ta wuce. In kuwa gashin doronsa ya tashi tun daga wuya har gindin wutsiya, cikinsa na bugawa, bakinsa na buɗewa yana rufewa, Dabo ya san haushi yake yi, kuma na dila ne.

Maƙwabcinsa Sabiru, mai noman albasa, shi ne ya fi kowa jin wannan haushin. Wata safiya ya tare Dabo a hanya, ya nuna karen, ya haɗa tafin hannu ya ɗora kunci a kai, sannan ya girgiza kai da ƙarfi. Dabo ya gane: ba a barci saboda karensa.

"Ka yi haƙuri," in ji Dabo. "Ba ya yi a banza."

Sabiru ya faɗi wani abu mai tsawo. Dabo ya bi bakinsa da kallo, bai kama ko kalma ɗaya ba.

'Yarsa guda ce, Sa'adiyya, tana aure a unguwar Rijiyar Zaki, cikin Kano. Saƙon waya suke yi, shi ma gajere, don idonsa ba ya son ƙananan rubutu. A tsakiyar daminar bana, gero ya kai ƙirji, sai ga ta da mijinta Abdulhadi a mota. Ta zauna a tabarma, ta ɗauko littafin rubutu ta rubuta masa da manyan baƙaƙe: BABA, MUN SAMO LIKITAN KUNNE. AKWAI NA'URAR DA ZA A SA MAKA. KWANA BIYU KAWAI.

Ya karanta sau biyu.

"Tumakin fa?"

Ta rubuta: NA ROƘI MALAM SABIRU.

Sabiru ya yarda zai yanko ciyawa ya ba su ruwa, amma da sharaɗi. Ɓaleri ba ya barin kowa ya shiga garken in ba Dabo ba, don haka sai an ɗaure shi. Tun da karen ya zo gidan igiya ba ta taɓa wuyansa ba. Amma ga Sa'adiyya ta riga ta ɗauko masa jaka, ga Abdulhadi yana duba agogo. Dabo ya ɗauko igiyar rijiya, ya kira kare da tafi, ya kai shi gindin tsamiyar ƙofar gida, can nesa da garke, ya ɗaure shi da hannunsa. Ɓaleri bai yi gardama ba. Ya zauna yana kallonsa har motar ta sha kwana.

Kwana biyu ya zama shida. Ranar farko ba su ga likita ba. Da suka gan shi aka yi gwaji, aka ce kunnen hagu ya tafi, na dama akwai saura. Aka auna ramin kunnen, aka ce sai an jira. Dabo ya zauna a falon 'yarsa yana kallon talabijin da ba ya ji, jikokinsa suna leƙowa suna komawa, don ba su san yadda za su yi da shi ba. Kullum sai ya ce wa Sa'adiyya, "Kira Sabiru." Ta kira, ta rubuta masa: YA CE LAFIYA LAU. A rana ta huɗu ya ga ta daɗe a wayar, fuskarta ta canja, amma abin da ta rubuta bai canja ba.

Ranar da aka maƙala masa na'urar, abin da ya fara ji shi ne ƙarar fanka, kamar ana yaga zane. Sannan takun wata ma'aikaciya. Sannan wata murya ta mace, mai ɗan kauri, tana cewa, "Baba? Baba, kana ji na?"

Ya waiwaya yana neman mai maganar. Muryar 'yarsa ta yarinta ya sani, siririya. Wannan ta babbar mace ce, kuma tana kama da ta Maijidda. Ya riƙe hannun kujera, ya ce, "Sake faɗa." Ta sake faɗa, tana kuka.

Ta so ya ƙara kwana, ya ƙi. Washegari da hantsi ya sauka a bakin titi, ya hau babur zuwa Tudun Gawo, hannunsa a kan kunne saboda iska na yi masa ihu a ciki.

Gindin tsamiya babu kare. Guntuwar igiya ce kawai ke rataye, ƙasar wurin ta zama rami zagaye, an tone ta da farce. Sabiru ya fito daga gidansa da sauri, ya fara ɗaga hannu zai yi nuni kamar yadda ya saba.

"Yi magana," in ji Dabo. "Ina ji. A hankali dai."

Sabiru ya tsaya da hannu a sama, sannan ya sauke.

"Alhamdu lillahi. To Malam, zo mu zauna. Akwai abin da ban faɗa wa Sa'adiyya duka ba."

Suka zauna a kan gungume. Shekaru da yawa ke nan rabon da wani ya zaunar da Dabo ya ba shi labari daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya fara samu ba mai daɗi ba ne.

"Tun da kuka tafi bai rufe baki ba," in ji Sabiru. "Tuwon da nake jefa masa ko kallo bai yi ba. Kwana biyu ba abin da ya faru. Rana ta uku da na zo da ciyawa da sassafe, sai na ga an tona ƙarƙashin darni ta bayan garke. Ɗan farar tunkiyar nan babu shi, sai jini a kara. Na toshe ramin da ƙaya. Washegari dilolin suka tona wani. Suka ɗauki zabi uku, suka kuma shiga nawa gidan suka ɗauke 'yar akuyar Rukayya."

Rukayya matar Sabiru ce. Dabo ya ce, "Naka gidan?"

"Nawa. Shekara huɗu ban yi asarar ko kaza ba, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ita Rukayya ce ta ce mini, kai ba ka ga tun da aka ɗaure karen nan aka fara shigo mana ba? Je ka kwance shi. To wa zai matsa kusa? Ya miƙe a kan ƙafa biyu yana jan igiya, kumfa a baki, idonsa a kan gona. Sai na ɗaura lauje a bakin gora, na tsaya daga nesa na yi ta gurzar igiyar, ina karanta duk addu'ar da na sani. Da ta tsinke na ce yau na mutu. Wallahi Malam, ko kallona bai yi ba. Ya wuce ta gabana kamar iska, ya tafi ramin nan ya shinshina, ya ƙirga tumakinka da hanci ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi iyaka. Ya zagaye gonarka, ya zagaye bayan gidana, har bakin kwazazzabo. Daga ranar ba a sake taɓa komai ba."

"Yana ina?"

"Yana garke. Ban iya zuwa kusa in duba wuyan ba."

Ɓaleri na kwance a tsakiyar tumaki. Da ya ga Dabo ya miƙe da ƙyar. Ya rame, haƙarƙarinsa a fili, igiyar ta ci wuyansa zagaye, ƙudaje na bi. Ya tako ya tsaya a gabansa, ya ɗaga kai, ya buɗe baki. Cikinsa ya buga sau uku. Dabo bai ji komai ba sai wani huci.

Ya kai hannu ya murɗa na'urar. Ya ji kukan tunkiya, ya ji motsin ganyen gero, ya ji wata mata tana daka a can cikin gari. Kare ya sake buɗe baki. Huci.

"Abin nan ya lalace ne?"

Sabiru, daga bakin darni, ya ce, "Ba na'urarka ba ce, Malam. Muryar ce ta tafi. Tun rana ta huɗu ta dishe."

Dabo ya durƙusa. Ya ciro wuƙa ya yanke ragowar igiyar a hankali, yana ɓamɓare ta daga inda ta manne da nama. Bai taɓa shafa kan karen ba, saboda gargaɗin Sama'ilu. Ranar ya ɗora hannu a kan faffaɗan goshin ya bar shi a nan. Ya wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi. Ranar kasuwar Kunci ya je wurin malamin dabbobi, aka ba shi hoda da allura.

"Muryar za ta dawo?" ya tambaya.

"Wani tana dawowa, wani ba ta dawowa. Ka ba shi abu mai ruwa-ruwa, ka bar wa Allah."

A makon ne ya gwada komawa majalisa. Aka yi masa barka, aka matsa masa wuri a tabarma. Amma da hira ta kankama sai muryoyin suka haɗe masa wuri ɗaya da ƙarar rediyo da ta babura, ya kasa raba wannan da wancan. Wasu har yanzu in za su yi masa magana sai su yi ihu, na'urar ta soke shi har cikin kai. Yawanci kuwa sun saba da zance yana wucewa ta gefensa. Suna ambaton sunayen da bai sani ba, suna dariyar abubuwan da suka faru shekarun da ba ya ji. Ya yi kwana uku yana zuwa. A na huɗu ya yi musabaha ya wuce.

Wuyan ya warke, ya bar zobe marar gashi. Ɓaleri ya koma zagayensa na safe, Dabo na biye. Yanzu yana jin abubuwan da da bai sani ba: yadda karen ke jan iska gajere-gajere in ya sami sabon sawu, sannan ya furzar da ƙarfi, yadda farcensa ke ƙara a kan busasshiyar ƙasa. Haushi dai babu. Dilolin kuma kamar sun gane. Sawunsu ya riƙa matsowa, yau a iyakar gona, gobe a tsakiyar gero, jibi taku goma daga darni. Da can tun suna bakin kwazazzabo ake sanar da su cewa an ji warinsu. Yanzu sai kare ya je da ƙafarsa, kuma ba zai iya zama ko'ina a lokaci ɗaya ba. Ya daina kwanciya da rana. Sabiru ya kawo ƙaya amalanke guda, suka ƙara wa darnin su biyu.

Ana gab da girbi, wata ranar Talata bayan la'asar, Dabo ya kai tumakin gefen gona inda ciyawa ta yi kyau, ya kafa musu turaku, ya bar ƙananan suna yawo kusa da iyayensu. Ya juya baya ya duƙa yana yankan ciyawa. Sai ya ji wani sauti a bayansa, mai kauri, a tsage, kamar tsoho mai tari yana ƙoƙarin kiran wani. Bai san sautin ba. Ya ɗauka mutum ne. Ya miƙe ya waiwaya da lauje a hannu.

Ɓaleri ne, tsaye tsakanin tumaki da gero, gashin doronsa a tashe. A bakin kwazazzabo wata dila ta fito fili, ja-ja, siririya, tana tafiya tana ɗingishi kamar mai ciwo, tana tsayawa tana waiwaye. Kare ya yi taku uku wajenta ya tsaya. Bai bi ta ba. Ya ɗaga hanci, ya juya kai hagu, ya sake yin wannan tsagaggen haushin, wannan karon cikin geron. Dabo ya bi inda yake kallo. Kara na motsi a hankali, ba kuwa iska. Ta biyu ce, ta zagayo ta baya, saura kaɗan ta kai ga ɗan tunkiyar da ya fi nisa.

Ɓaleri ya faɗa geron. Dabo ya ji karyewar kara, ya ji wani ɗan ƙara siriri, sannan ya ga abu ja ya fice da gudu ya gangara kwazazzabo. Mai ɗingishin ma ta miƙe ƙafa ta bi ta, lafiyarta lau. Kare ya kai bakin gangaren ya tsaya. Ya yi haushi sau biyar ko shida, kowanne yana karyewa a tsakiya, na ƙarshe ya koma huci. Sannan ya dawo ya bi ta cikin tumakin yana taɓa kowace da hanci.

Dabo ya zauna a kan kunya. Ya daɗe a zaune, laujen a cinyarsa.

Da ya kora tumakin gida ya yi magariba, sai ya ɗauko waya ya kira Sa'adiyya. Ya manna ta a kunnen dama. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, kuma bayan muryarta akwai kukan yaro da ƙarar janareta.

"Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Karen nan ne ya yi haushi yau. Na ji shi."

"Wa? Baba, ban ji ba, wa ya yi me?"

"Ɓaleri. Na ce na ji muryarsa."

"Au, to madalla. Baba, ƙaramin ne ya ƙone da shayi, ba sosai ba, bari in duba shi. Zan kira ka anjima, in sha Allahu."

"To. Ki yi masa sannu."

Ya ajiye wayar a kan tabarma inda zai ga haskenta in ta kama. Can sai aka yi sallama a ƙofa. Rukayya ce da kanta, ta tsaya daga waje da kwano biyu. Ɗaya tuwon dawa ne da miyar kuka. Ɗayan tsohon kwano ne mai lamba, cike da ƙanzo da aka jiƙa da romo.

"Wannan naka, Malam. Wannan na mai gadi. Mun ji shi ɗazu daga gida."

Ya karɓa ya yi godiya, ta juya. Ya kai ƙanzon bakin garke ya ajiye, ya koma tabarma ya wanke hannu ya buɗe nasa kwanon. Tuwon da zafinsa.